Sitaj a Maroko: lissafin da ya kamata a yi tun daga Maraɗi

Assalamu alaikum iyaye da ƙanne na gida. Duk shekara, daga Oktoba zuwa Disamba, tambaya guda ce ke zuwa wa ƴan Maraɗi mazauna Maroko: yaro ya samu wurin sitaj, wato koyon aiki, a Kazablanka ko Rabat ko Fas, nawa za a haɗa masa? Galibi mai tambayar ya riga ya ji labarin arahar burodi da gaz da tumatir, kuma a kan wannan ya gina lissafinsa. Labarin gaskiya ne. Sai dai kuɗin ɗan sitaj ba a wajen cefane yake ƙarewa ba. Ɗaki da takardu da sanyi ne ke cinye shi, abubuwa uku da yaron da ke kwana gidan ubansa a unguwar Zariya ko Ali Ɗan Sofo bai taɓa fitar musu da ko dala ba.

A fara da kuɗin kansa. Dirhami guda yana kai sefa 60 da ɗan ɗoriya, wato wajen dala goma sha biyu. Dirhami 100 kuwa jika shida ne da ƴan kai. Masu canji a nan Maroko ba sa karɓar sefa, don haka kada a cika wa yaro aljihu da ita. A canza masa zuwa yuro tun daga gida, tunda farashin yuro a tsaye yake, sefa 655,957, sai abin da mai canji ya ɗora na ladansa. Idan ya sauka filin jirgin Muhammad na Biyar na Kazablanka, ya canza kaɗan kawai, na jirgin ƙasa da abincin kwana biyu, domin canjin cikin gari ya fi na filin jirgi daɗi. Ya kuma adana takardar canjin, za ta yi masa rana lokacin komawa.

Akwai wani abu da ke rikita duk baƙo amma ɗan Nijar ya kamata ya kama shi da wuri. Yadda muke rubuta 100 a takarda mu ce dala ashirin da baki, haka su ma suke. Ƴan kasuwar Kazablanka da Rabat da Marrakesh da riyal suke ƙirga, kuma riyal ashirin ne dirhami guda. Mai kayan miya ya ce maka riyal ɗari, dirhami biyar yake nufi. Riyal dubu biyu, dirhami 100 ke nan. A raba da ashirin, shi ke nan. Wasu kuma da faranka suke magana, ɗari a dirhami, shi ya sa in dillali ya ce miliyan to dirhami dubu goma ne. Wanda bai san wannan ba, ko dai ya gudu daga kayan araha yana zaton tsada, ko ya miƙa takardar ɗari inda ake bin sa biyar.

Hanya ba ta da wahalar bayani. Daga Maraɗi zuwa Yamai wajen kilomita 660 ne, yini guda a bas, daga Yamai kuma Royal Air Maroc na zuwa Kazablanka kai tsaye cikin awa uku da rabi ko kusa da haka. Ɗan Nijar ba ya neman biza, fasfonsa ya ishe shi zaman kwana 90. An dai taɓa sa izinin shiga na wucin gadi da ake cikewa ta intanet lokacin gasar cin kofin Afirka ta ƙarshen 2025, saboda haka a riƙa tambayar kamfanin jirgi kafin ranar tashi. Ɗan sandan filin jirgi zai tambayi inda za ka sauka da abin da ya kawo ka. Ka riƙe adireshi a rubuce, da yarjejeniyar sitaj a takarda, kada ka dogara da hoton da ke cikin waya. Zai buga maka wata lamba a fasfo tare da hatimin shiga. Wannan lambar ita za a yi ta tambayar ka a otal da kwamisariya. Tashar jirgin ƙasa tana ƙarƙashin ginin filin jirgin, kuma cikin kamar rabin awa kana Casa Voyageurs, inda ake kama jiragen Rabat da Maknas da Fas da Marrakesh.

Kwana 90 ɗin nan shi ne ramin da aka fi faɗawa. Sitajin kallo na wata guda ko na wata biyu ba shi da matsala. Na ƙarshen karatu, wanda ake ce wa PFE, yakan fara a Fabrairu ya kai Yuni ko Yuli, wata huɗu zuwa shida, ya zarce wa'adin ke nan. Dole a nemi kartin zama a ofishin baƙi na babbar kwamisariyar garin da kake zaune, kuma a kai takardu kafin kwanakin su cika. Abin da akan nema: kwafen fasfo har da shafin hatimin shiga, hotuna, kwantiragin haya, kaziye (takardar kotu mai nuna ba ka da laifi), takardar likita, shaidar makaranta ko ta wurin sitaj, da shaidar cewa kana da abin da za ka ci. Kuɗin kartin dirhami 100 ne a shekara, ba shi ne wahalar ba. Wahalar ita ce kowace takarda tana jan wata. Kaziye wata uku yake yi ya mutu, don haka wanda ya ciro shi a kotun Maraɗi tun watan Nuwamba zai iske ba ya aiki a watan Maris. A ciro shi a makon tafiya. Kwantiragin haya kuwa sai kai da mai gida kun sa hannu an buga hatimi a mukata'a, ofishin unguwa da ke yin aikin da merin gida ke yi mana na legalizasiyo. Masu gidaje da yawa ba sa son wannan, saboda yana tona su ga masu haraji. Kafin ka ba da ko dirhami na ɗaki, tambayar farko ita ce ko mai gidan zai bi ka mukata'a. In ya fara kame-kame, nemi wani gidan, ko da ya fi tsada.

Wanda makarantarsa ke Nijar, misali ɗalibin Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo da ya zo sitaj kawai, lamarinsa ya fi na wanda ke rajista a makarantar Maroko sarƙaƙiya, domin yarjejeniyar sitaj ce kaɗai hujjarsa. Ya je ofishin baƙi da ƙafarsa a makonni biyun farko ya karɓi jerin abin da suke so, tunda garuruwa sukan ɗan bambanta. Zuwa da kai ya fi saƙo. In an karɓi takardu za a ba shi resefise, ita ce shaidarsa har kartin ya fito, kuma ana sabunta ta in ta ƙare. Wanda ya bari kwana 90 suka wuce ba tare da ita ba, ranar komawa za a tsayar da shi a filin jirgi, sai ya bi ta kwamisariya da kotu ya biya tara, jirgi kuma ya tafi ya bar shi da tikiti a hannu.

Yarjejeniyar sitaj hannu uku take ɗauka: na makaranta, na kamfani, na ɗalibi, kowanne da hatimi in ban da na ɗalibin. A sa ranar farawa da ranar gamawa, da sunan wanda zai kula da kai a wurin aiki. Yawancin kamfanoni ba sa barin ɗan sitaj ya taka masana'anta sai da asirans na haɗarin aiki, ana yin sa a nan cikin yini guda da kuɗi kaɗan. Maganar da iyaye ba sa son ji kuwa ita ce ta lada. Ma'aikatun gwamnati da asibitoci da cibiyoyin bincike ba sa biyan ɗan sitaj. Kamfanoni masu zaman kansu wasu na ba da ɗan abin mota, wasu manya na ba da abin da zai biya ɗaki, wasu kuma ko sannu. Wanda zai biya ma sai ƙarshen wata, wani lokacin sai ƙarshen sitajin baki ɗaya. Duk lissafin da aka dogara da wannan kuɗi a wata biyun farko, lissafin dokin rano ne.

Yanzu ɗaki. Ɗakunan kwanan ɗalibai na jami'o'i, da na ƙasa da ƙasa da ke Rabat, na masu rajista ne da masu bursun hukumar AMCI ta Maroko, waɗanda ke bi ta hannun ANAB, hukumar burs ta gida. Ɗan sitaj haya zai kama, kuma galibi ɗaki guda a gidan da ake rabawa mutum uku ko huɗu. A Kazablanka da Rabat irin wannan ɗaki yakan kama daga dirhami 1.200 zuwa 2.000 a wata, gwargwadon unguwa. A Fas da Maknas ana samun na kusan rabin haka. Dirhami 1.500 jika casa'in ne, kuɗin da zai kama wa magidanci gida sukutum a unguwanni da yawa na Maraɗi. Ranar shiga kuma kuɗi uku ake biya lokaci guda: na watan farko, na ajiya wanda yawanci wata guda ne, da ladan samsar, wato dillali, wanda kan kai rabin wata ko wata cikakke. Ɗakin 1.500 ke nan yana iya cin 4.500 kafin a kwana cikinsa. Wannan shi ne babban kuɗin da ake mantawa da shi in ana lissafi a zaure.

Ya kamata a faɗi wata gaskiya a nan ba tare da ƙari ba. Akwai masu gidajen da da sun ga baƙar fata sai ɗakin ya zama an riga an kama. Akwai yaran unguwa masu jifa da kalmar azzi, wadda ba ta da daɗi. Akwai kuma maƙwabtan da ranar Juma'a za su aiko maka da akushin kuskus ba ka roƙa ba. Duka biyun suna nan. Hanya mafi sauƙi ita ce a nemi ɗaki ta hannun ɗaliban Nijar da ke garin, a gaji gurbin wanda ya gama, ta haka an huta da samsar kuma mai gidan ya riga ya saba da mu. A garuruwan arewa irin su Tanja, inda ake sintirin masu neman tsallakawa Turai, kada a fita ba fasfo ko resefise a jiki.

Wuta da ruwa sun fi na gida tsayuwa, wannan ba gardama. Mu da wutarmu ke zuwa daga Katsina ta layin Gazawa mun san abin da ake nufi da zafin Afrilu ba kuran. A manyan garuruwan Maroko mutum yana iya gama sitajinsa bai ga an ɗauke wuta ba. Ƙarfinta 220 ne kamar na NIGELEC, bakin soket ma iri guda, ba sai an sayi komai ba. Ruwan pampo ana shan sa. Sai dai faktir ɗin wuta yana da tarko: in gida bai wuce kilowat 150 a wata ba, kowane mataki da farashinsa, da an zarce, sai a lissafa dukkan abin da aka sha da farashin matakin sama. Mutum huɗu a mita guda, in ɗaya ya sayo abin ɗumama ɗaki na lantarki yana kwana da shi, faktir yana iya ninkawa, kuma daga nan ake fara faɗan ƴan gida ɗaya.

Abin da ke kai mutum ga sayen wannan na'ura shi ne sanyi, kuma sanyin nan ba ɗan uwan hunturunmu ba ne. Namu busasshe ne, da hantsi ya yi an tuɓe rigar sanyi. Nasu da ruwan sama yake zuwa, daga Nuwamba zuwa Maris, gidajen kuma na siminti ne da karo a ƙasa, ba abin ɗumamawa, har cikin ɗaki yakan fi waje sanyi da rana. A Fas da Maknas dare yakan sauko ƙasa da digiri biyar. Ifran da ke kan dutse kusa da su ƙanƙara ke rufe ta, a can ne aka auna digiri 23,9 ƙasa da sifili a 1935. A bakin teku kuma laima ce: wanki ya kwana biyu bai bushe ba, bango ya yi baƙin fumfuna, takalmin fata da ke ƙarƙashin gado ya yi kore. Ɗan PFE a tsakiyar wannan yake sauka. Yana buƙatar bargo biyu masu nauyi, babbar rigar sanyi mai hana ruwa, safa, takalmi rufaffe da tabarma ko darduma a ƙasa. Rigar sanyi a saya a gwanjon gida in an samu mai kauri. Bargo kuwa a bari sai an zo, nauyinsa ba zai bar wurin komai a jaka ba.

Ga abin da nake so kowace uwa ta karanta wa ɗanta sau biyu. Ruwan wanka a yawancin gidajen haya da shofo ake dafa shi, wata na'ura mai aiki da gaz da ke maƙale a bango. In tana cikin banɗaki ko kicin marar taga, ko bututun hayaƙinta ya toshe, tana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, kuma duk lokacin sanyi tana kashe mutane a ƙasar nan. Ranar duba ɗaki a kunna ta a gani. Harshen wutar ya zama shuɗi. In rawaya ne ko yana barin baƙi a bango, ba ta ƙona gaz daidai. A duba ko bututun ya fita waje, a duba ranar da aka rubuta a jikin tiyo, domin shi ma yana da wa'adi. Taga a buɗe duk lokacin da take aiki, komai sanyi. Ciwon kai da jiri da tashin zuciya ana cikin wanka ko bayansa, musamman in ya kama mutum biyu lokaci guda, a kashe gaz a buɗe ko'ina a fita waje, a kira lamba 15 ta masu agajin gaggawa. Kaskon gawayi a ɗaki rufe, wanda wasunmu suka saba da shi tun gida, hukuncinsa guda.

Gaz ɗin kansa gwamnati na tallafa masa. Babbar butel ta kilo 12 dirhami 40 ce shekara da shekaru, aka mai da ita 50 a watan Mayun 2024, wato wajen jika uku. Farashin hukuma na ta kilo 12,5 a gida 3.750 ne, ba wata tazara ba ce. Bambancin shi ne a nan kowane mai kantin unguwa yana da ita, ba a yin layi kuma ba a ɓoye ta. Burodin talaka mai faɗi dirhami 1,20 ne, kamar dala goma sha biyar. Tumatir da albasa da kwambitar da karas da lemo da kilo ake sayar da su, a kan sikeli, ba kashi-kashi ba, kuma a kasuwar unguwa sun fi na manyan kantuna irin su Marjane araha. Taliya da mai da sabulu kuma a duba kantunan BIM. Sardin ɗanye shi ne naman talaka. Kaza da ranta ake auna ta, a yanka a fige maka nan take. Mutum huɗu da ke tukunya guda, kowa yana iya rufe wata da dirhami 600 zuwa 800 na abinci. Mai ci a waje kullum zai ninka.

Jan nama ne inda Maraɗi ta yi musu fintinkau. Bayan shekaru na fari kilon naman sa ya haura dirhami 100 a 2024, na rago ya fi haka, har a Fabrairun 2025 Sarki Muhammad na Shida ya nemi jama'a su haƙura da layya a shekarar saboda garken ƙasar ya ragu da kashi 38 cikin ɗari. Tsire da balangun da yaro ke saye da dala ɗari a bakin titi da dare, ya manta da su. Abin dariyar shi ne jakunkuna da takalman da ake yi wa Fas kirari da su: fatar da Turawa suka daɗe suna kira ta Maroko, kaso mai yawa nata fatar jar akuyarmu ce ta Sakkwato da Maraɗi, da ayari ke tsallakawa da ita hamada.

Kayan miyarmu kuwa a taho da su. Kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, yaji, garin zogale, ƙuli-ƙuli, kowanne a ɗaure a leda biyu, daddawar a ƙara mata gwangwani mai murfi in ba a so kayan sawa su ɗauki ƙamshinta har Yuli. Gero suna ce masa illan, a wajen masu kayan ƙamshi ake samun sa kaɗan-kaɗan kamar magani, da tsadar da ba za a yi fura da shi kullum ba. Ɗanyar kuɓewa sunanta mulukiya, da rani take fitowa. Garin barkono mai zafi sudaniya suke kiran sa, gujiya kawkaw, soborodo karkade. A tsohon garin Kazablanka kusa da Bab Marrakesh akwai kasuwar da ake ce wa ta ƴan Senegal, ana samun manja da garin rogo da busasshen kifi, da farashin wanda ba shi da zaɓi. Tuwo kam ana yin sa da garin semul ko na masara, yana tashi lafiya lau.

Duk abin da hannun mutum ke yi ya fi na gida tsada, kuma dalilin a fili yake: mafi ƙarancin albashi a nan ya haura dirhami 3.200 a wata tun Janairun 2025, kusan jika ɗari biyu, a gida kuwa jika 42 ne. Aski, ɗinki, gyaran takalmi, wanki, duk haka. Tela a nan bai san shadda ba, bai san aikin wuya irin namu ba, don haka kayan Juma'a da na salla a ɗinko su. Gyaran waya da kwamfuta ne kaɗai zan ware: a kasuwar Derb Ghallef ta Kazablanka babu abin da ba a farkewa a mayar, amma a tsaya a kai har a gama, kuma a gwada kafin a biya.

Zirga-zirgar cikin gari tana buƙatar sabon hali, domin babu kabu-kabun da zai tsaya maka a ƙofar gida, babu adaidaita. Taram na Rabat da Sale ya fara a 2011, na Kazablanka a ƙarshen 2012, aka ƙara masa layi biyu a 2024. Shiga guda a Kazablanka dirhami shida ne. Zuwa da dawowa kwana 22 ya kama 264, katin wata kuwa 230, ga shi ana hawa da shi har ranakun hutu. Ƙaramin tasi kowane gari da launinsa, ja a Kazablanka da Fas, shuɗi a Rabat. Mutum uku yake ɗauka, ba ya fita gari, da mita yake aiki, da dare kuma ana ƙara rabin kuɗin. Da ka zauna ka duba ko direba ya kunna mita. Babban tasi shi ne ɗan uwan motocin tashar Madarunfa da Tibiri: mutum shida, hanya guda, sai ya cika yake tashi. Tsakanin garuruwa akwai jirgin ƙasa na ONCF, awa guda daga Kazablanka zuwa Rabat, da mai gudun nan Al Boraq da aka buɗe a Nuwambar 2018, wanda ke kai Tanja daga Kazablanka cikin awa biyu da minti goma. Tikitinsa yana sauka in an saya da wuri. Inda dogo bai kai ba, kamar Agadir, bas ɗin CTM ko Supratours. Shawarar da ta fi kowace a nan: a nemi ɗaki a kan layin da ke zuwa wurin aiki. Ɗaki mai arahar dirhami 300 da sai an hau mota biyu ba araha ba ne.

Waya ba ta da wuya. Kamfanoni uku ne, Maroc Telecom, wanda shi ne uwar Moov ta gida, da Orange da inwi. Da fasfo ake sayen pus. Kiredin dirhami goma yana ba da kusan giga guda, amma sai an ƙara *3 a ƙarshen lambar katin; *6 na WhatsApp da Facebook ne kawai. Wanda ya sa katin haka nan, kiredin kira zai samu. Aiko da kuɗi kuma ta Western Union ko MoneyGram, a karɓa a Wafacash ko Cash Plus da ke kowace unguwa. Sunan da Alhaji zai rubuta ya zama harafi da harafi yadda yake a fasfo. In fasfo ya ce Mahamadou aka rubuta Mamane, ba za a biya ba. Katin banki na Visa yana aiki a injinan cire kuɗi, galibi dirhami 2.000 a ciro guda, kowace ciro da ladanta, don haka a ciri da yawa sau ɗaya. Fitar da kuɗi daga Maroko kuwa yana da tsauraran ƙa'idoji, kada a sa rai ɗan sitaj zai riƙa turo wani abu.

Lafiya. Farmasi a nan farashin kowane magani a buge yake a jikin kwali, ba ciniki, kuma ba masu tallan magani a faranti. Da dare da ranakun hutu akwai farmasin da ke zama a buɗe, ana liƙa sunanta a ƙofar sauran. Inshorar ɗalibai ta masu rajista a makarantun ƙasar ce, ɗan sitaj daga waje da aljihunsa zai biya likita in bai yi tasa ba. Babban abin lura shi ne zazzaɓin sauro. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Maroko ta rabu da shi tun 2010, saboda haka likitan unguwa ba shi zai fara kawowa a ransa ba, maganinsa ma ba a cika samun sa a farmasi ba. Wanda ya taso daga gida, musamman bayan damina, yana iya zuwa da shi a jini ya tashi bayan mako biyu. A sa kwalin Coartem guda a jaka, kuma duk zazzaɓin da ya zo a watannin farko a gaya wa likita da baki cewa daga Nijar aka zo, a nemi gwajin jini.

Addini shi ne inda baƙunta ke raguwa. Malikiyya ne, da Warshu suke karatu kamar allon makarantarmu, kuma bayan Asuba da Magariba ana karanta hizbi a tare a masallatai. Masallatan dai akan rufe su tsakanin salloli. Mai sitaj a Fas yana kusa da masallacin Ƙarawiyyin da zawiyar Shehu Ahmadu Tijjani, inda zai riƙa cin karo da ƴan ziyara daga Kano da Damagaram. A 2018 suka mai da agogonsu daidai da namu, ban da lokacin azumi da akan ja shi baya da awa guda. Amma rana ba ta bin agogon: da wannan agogo, a Janairu sai wajen takwas da rabi take fitowa, mutum ya fita aiki da duhu, a Yuni kuma Magariba na kai kusan tara saura kwata.

A wurin aiki takarda da Faransanci ake yin ta, hira kuwa da Darija, Larabcinsu na gida, wanda ko mai Larabcin islamiyya sai ya yi wata yana kasa kunne. Umarnin da ya fi muhimmanci sau da yawa a cikin hirar nan yake wucewa, don haka in an gama taro a tambayi mai kula da kai ya maimaita abin da ya shafe ka, a rubuta. Ofisoshin gwamnati daga takwas da rabi ne zuwa huɗu da rabi, Litinin zuwa Juma'a. Duk abin da za a sa a rapor na alƙaluman kamfani a nemi izini tun da wuri, kada sai an kusa sutenans, wato ranar kare rapor ɗin gaban malamai, a ce a cire babi guda.

Makonni biyu kafin komawa a fara bin takardar shaidar kammala sitaj, domin mai sa hannu yakan tafi hutu a Yuli da Agusta, kuma karɓo ta daga Maraɗi ta waya aiki ne. A duba suna da ranaku da hatimi kafin a bar ofishin. Mai gida a sanar da shi wata guda kafin fita, a biya faktir na ƙarshe a gabansa, in ba haka ba kuɗin ajiya ya tafi. Dirhami ba a fita da fiye da 2.000, kuma a Yamai ba mai karɓar sa, saboda haka abin da ya rage a mai da shi yuro a filin jirgi da takardar canjin nan ta ranar farko. Man zaitun da dabino da za a kai tsaraba a sa su a jakar da ake aunawa, kwalbar a naɗe da leda da tsumma. In tana jakar hannu, a wurin bincike za ta tsaya.